Tsarewar sai-baba-ta-gani: shari'ar Lakhdar Boumediene da gwamnatin Amurka

Ranar 17 ga Janairun 2002, Kotun Ƙoli ta Tarayyar Bosniya ta ba da umarnin a saki wasu mutum shida 'yan asalin Aljeriya da aka tsare a birnin Sarayebo tun watan Oktoban 2001. Zargin da ake yi musu shi ne kitsa kai harin bam a ofishin jakadancin Amurka. An kwashe wata uku ana bincike, ba a samu abin da za a gurfanar da su a kai ba. A wannan rana kuma, wata kotu ta musamman mai kula da haƙƙin ɗan Adam a ƙasar ta ba da nata umarnin, cewa kada a fitar da wasu daga cikinsu daga Bosniya. Iyalai da masu goyon baya suka taru a ƙofar kurkuku suna jiran fitowarsu. Da gari ya waye, sai aka miƙa mutanen ga sojojin Amurka. Ranar 20 ga wata suna sansanin Guantanamo, a tsibirin Kyuba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Lakhdar Boumediene, ɗan shekara 35 a lokacin, magidanci mai 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ya samu takardar zama ɗan Bosniya, yana kuma aiki da ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ɓangaren tallafa wa marayu. Sauran biyar ɗin su ne Mustafa Ait Idir, Mohamed Nechle, Hadj Boudella, Saber Lahmar da Belkacem Bensayah. Ba a filin daga aka kama su ba, ba kuma a Afganistan ba. A Turai aka kama su, a ƙasar da kotunanta ke aiki, kuma kotunan sun riga sun yi magana. Kwana tara da isarsu Guantanamo, Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokoki a jawabinsa na shekara ya shaida wa duniya cewa sojojinsa, tare da gwamnatin Bosniya, sun cafke 'yan ta'addan da ke shirin tarwatsa ofishin jakadancin Amurka. A riƙe wannan magana, domin za a dawo kanta bayan kusan shekara bakwai.

Dalilin da ya sa aka zaɓi Guantanamo

Ba da ka aka zaɓi wurin ba. Tun 1903 Amurka ke riƙe da wannan mashigin ruwa bisa yarjejeniyar haya, aka sabunta ta a 1934. Yarjejeniyar ta ce ƙasar ta Kyuba ce, amma iko da sarrafa wurin gaba ɗaya na Amurka ne. A ƙarshen Disamban 2001, lauyoyi biyu na Ma'aikatar Shari'a, Patrick Philbin da John Yoo, suka rubuta wa gwamnati shawara cewa da wuya kotunan Amurka su samu hurumin sauraron ƙarar baƙon da aka tsare a can. Sun dogara da wani hukunci na 1950, wanda ya hana wasu Jamusawa da aka tsare a kurkukun Landsberg bayan Yaƙin Duniya na Biyu kai ƙara kotunan Amurka. Kotun Kyuba ba ta da ikon leƙa sansanin, kotun Amurka kuma an ce ba ƙasarta ba ce. Abin da ake nema ke nan: wurin da babu alƙalin da zai yi tambaya.

Aka ƙara da wani mataki. Ranar 7 ga Fabrairun 2002 Bush ya sa hannu a takardar da ta ce yarjejeniyoyin Janiba, waɗanda suka tsara dokokin yaƙi, ba su shafi 'yan al-Ƙa'ida ba, 'yan Taliban kuma ba su cancanci matsayin fursunonin yaƙi ba. To, mutumin da aka kama ko dai mai laifi ne a kai shi kotu, ko fursunan yaƙi ne a ba shi kariyar da dokar yaƙi ta tanada. Su waɗannan an ce ba su cikin ko ɗaya. An laƙaba musu sunan "mayaƙan abokan gaba", za a riƙe su har yaƙi da ta'addanci ya ƙare, yaƙin da babu wanda zai iya faɗin ranar ƙarewarsa.

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnati yadda take, domin ba holoƙo ba ce. Tun fil azal ƙasar da ke yaƙi tana tsare sojan abokin gaba ba tare da tuhuma ba, don kada ya koma fagen fama. Amurka ta riƙe ɗaruruwan dubban fursunonin Jamus a cikin ƙasarta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, babu wanda ya ce sai an kai kowannensu gaban alƙali. Sai dai waɗancan sojoji ne masu kaki, babu gardama kan ko su wane ne, kuma yaƙinsu na da gwamnatin da za ta miƙa wuya a sallame su. A Guantanamo kuwa ainihin tambayar ita ce: wannan mutumin mayaƙi ne ma kuwa? Wani nazari da malamai da ɗaliban shari'a na Jami'ar Seton Hall suka fitar a 2006, daga takardun Ma'aikatar Tsaron kanta, ya nuna kashi 5 cikin ɗari ne kawai sojojin Amurka suka kama da hannunsu. Kashi 86 cikin ɗari hukumomin Pakistan ne ko mayaƙan arewacin Afganistan suka miƙa su, a lokacin da Amurka ke biyan lada mai tsoka a kan kowane kai.

Turka-turkar kotu da majalisa

Lauyoyi ba su jira ba. Tun Fabrairun 2002 wata ƙungiyar kare haƙƙin tsarin mulki da ke New York, ƙarƙashin Michael Ratner, ta shigar da ƙara a madadin wasu tsararru, a lokacin da tsaya wa waɗannan mutane ke jawo wa lauya zagi da barazana. Abin da suka nema shi ne tsohon haƙƙin nan da lauyoyi ke kira habeas corpus: duk wanda hukuma ta tsare yana da damar a kai batunsa gaban alƙali, hukuma ta kawo dalilinta, idan dalilin bai tsaya ba a sake shi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ba za a dakatar da wannan haƙƙi ba sai in an yi tawaye ko an mamaye ƙasa.

Ranar 28 ga Yunin 2004, a shari'ar Rasul, ɗaya daga cikin tsararrun da suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce kotunan tarayya na da hurumin sauraron tsararrun Guantanamo. A watan Yuli lauyoyin kamfanin WilmerHale, Stephen Oleskey da Robert Kirsch, suka shigar da ƙarar Boumediene da abokansa, kyauta. Gwamnati ma ba ta zauna ba. Kwana tara da hukuncin, Ma'aikatar Tsaro ta kafa kwamitoci na hafsoshi uku-uku da za su tantance matsayin kowane tsararre, don ta iya cewa an saurare su.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi yadda wannan sauraro yake. Tsararre ba shi da lauya, sai wani hafsan soja da aka ba shi a matsayin wakili, wanda kuma ba ya riƙe masa sirri. Galibin hujjojin na sirri ne, ba ya ganinsu. An ɗauka tun farko cewa abin da gwamnati ta kawo gaskiya ne, shi ne zai ƙaryata. Lokacin da aka zaunar da Mustafa Ait Idir, an karanta masa cewa ya yi hulɗa da wani sanannen ɗan al-Ƙa'ida a Bosniya. Ya ce a gaya masa sunan mutumin. Shugaban kwamitin ya ce bai san sunan ba. Ait Idir ya tambaya ta yaya zai kare kansa ke nan. In an faɗi sunan, zai iya cewa ya san shi ko bai san shi ba, wataƙila abokin aiki ne ko wanda suka taɓa haɗuwa. Rubutaccen bayanin zaman ya nuna har dariya aka yi a ɗakin. Kwamitin ya tabbatar da shi a matsayin mayaƙin abokan gaba. Mai shari'a Joyce Hens Green ta kawo wannan musayar a hukuncinta na Janairun 2005, inda ta ce tsarin ya saɓa wa ƙa'idar adalci. Ita ce kuma ta tambayi lauyan gwamnati ko za a iya tsare wata tsohuwa a Suwizalan da ta aika sadaka ga wata ƙungiya tana zaton ta marayu ce, alhali kuɗin na zuwa ga al-Ƙa'ida. Lauyan bai kore yiwuwar hakan ba.

Amma ƙarar Boumediene ba a gabanta take ba. Tana gaban mai shari'a Richard Leon, wanda Bush ne ya naɗa shi, kuma a wannan watan na Janairu ya yi watsi da ita, ya ce babu wani haƙƙi da kotu za ta tilasta. Alƙalai biyu a gini ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna.

Daga nan sai majalisa ta shigo. A Disamban 2005 ta yi dokar da ta ƙwace hurumin kotuna kan ƙararrakin Guantanamo. A Yunin 2006, a shari'ar wani tsararre mai suna Hamdan, Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta shafi ƙararrakin da aka riga aka shigar ba, ta kuma rushe kotunan sojan da Bush ya kafa, tana mai cewa sashe na 3 na yarjejeniyoyin Janiba, mai ɗauke da mafi ƙarancin kariyar da ake bai wa wanda aka kama a yaƙi, ya shafi waɗannan tsararru. Lauyan Hamdan na farko, Charles Swift, hafsan sojan ruwa ne da rundunar da kanta ta naɗa. Ya kai Sakataren Tsaronsa ƙara ya yi nasara, ba a ƙara masa girma ba, ya bar aiki. A Oktoban 2006 majalisa ta sake yin wata dokar, wannan karo da kalmomin da ba su bar kafa ba: babu kotu ko alƙalin da ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, sabuwa ko tsohuwa. A Janairun 2007 wani babban jami'in Ma'aikatar Tsaro mai kula da harkar tsararru, Charles Stimson, ya karanto sunayen kamfanonin lauyoyin da ke kare su a gidan rediyo, yana nuna cewa manyan 'yan kasuwa su daina ba su aiki. Surutun da ya biyo baya ya sa ya ba da haƙuri, ya ajiye muƙaminsa.

Duk wannan ja-in-ja a Washington ake yi. Shi Boumediene yana cikin keji. Ya faɗa daga baya cewa an hana shi barci kwana da kwanaki a jere lokacin tambayoyi, wasiƙun 'ya'yansa kuma ko dai ba sa isowa ko su iso an shafe galibin abin da ke ciki. A Disamban 2006 ya shiga yajin cin abinci, ya yi sama da shekara biyu a haka. Kullum sau biyu ake ɗaure shi a kujera, a zura masa roba ta hanci zuwa ciki a yi masa ɗura. Mutumin da babu wanda ya tuhume shi da laifi, babu kotun da za ta ji shi, babu ranar fita, abin da ya rage a hannunsa shi ne bakinsa, shi ma aka ƙwace.

Hukuncin 12 ga Yunin 2008

A Fabrairun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta amince da sabuwar dokar. A Afrilu Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ɗaukaka ƙarar. Sai ga wani abin da ba a saba gani ba: a ƙarshen Yuni ta sauya shawara ta ce za ta saurara, abin da aka yi shekara kusan 60 ba ta yi ba. Kwanaki kaɗan kafin nan lauyoyi sun miƙa mata takardar rantsuwa ta Laftanar Kanar Stephen Abraham, jami'in leƙen asirin soja da ya zauna a cikin kwamitocin tantancewar. Ya bayyana cewa hujjojin da ake kawo musu maganganu ne na gaba ɗaya marasa tushe, kuma da kwamitinsa ya wanke wani tsararre, an matsa musu su sake zama. Kotu ba ta faɗi dalilin sauya ra'ayinta ba, amma masu bin shari'ar da dama sun danganta shi da wannan shaida da ta fito daga cikin gida.

Aka yi muhawara ranar 5 ga Disamban 2007, Seth Waxman ya tsaya wa masu ƙara, Paul Clement ya tsaya wa gwamnati. Hukunci ya fito da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta. Ya ce abin dubawa shi ne wa ke da iko a zahiri, ba abin da takardar haya ta faɗa ba. Amurka ta fi shekara ɗari tana mulkin Guantanamo ba tare da kowa ya sa mata baki ba. Idan aka yarda gwamnati ta sallama wa wata ƙasa suna ta riƙe iko, sannan ta ce tsarin mulki bai bi ta can ba, to an ba shugaba da majalisa damar kunna tsarin mulki da kashe shi yadda suka ga dama. Ya ce kwamitocin soja da ɗan bitar da aka yarda kotun ɗaukaka ƙara ta yi ba su isa su maye gurbin alƙali ba, saboda tsararre ba shi da hanyar kawo hujjar da za ta wanke shi. Saboda haka sashe na 7 na dokar 2006, wanda ya ƙwace hurumin kotuna, ya saɓa wa tsarin mulki. Babban alƙali John Roberts ya ƙi yarda, ya ce ba a taɓa bai wa abokan gaba kariya mai yawa irin wadda majalisa ta tanada ba. Antonin Scalia ya fi zafi, ya ce kusan tabbas hukuncin zai jawo a kashe ƙarin Amurkawa.

Sai shari'ar ta koma hannun Richard Leon, mutumin da ya kore ta a 2005. Da lokacin kawo hujja ya yi, a Oktoban 2008, gwamnati ta janye zargin harin ofishin jakadanci. Zargin da shugaban ƙasa ya shelanta a gaban majalisa, wanda saboda shi aka tsallake umarnin kotunan Bosniya, ba a ko yi yunƙurin kare shi ba. Abin da ya saura shi ne wai mutanen sun yi niyyar tafiya Afganistan su yaƙi sojojin Amurka. Leon ya duba, ya tarar wannan da'awa ta rataya ne a kan takardar sirri guda ɗaya, daga majiya guda da ba a ambaci sunanta ba, kuma babu abin da zai sa a iya auna gaskiyarta. Ranar 20 ga Nuwamban 2008 ya ba da umarnin a saki biyar daga cikin shida, ya bar Bensayah a tsare. Ya ƙara da abin da alƙalai ba su cika yi ba: ya roƙi gwamnati kada ta ɗaukaka ƙara, ya ce jiran shekara bakwai ya isa haka nan.

A ganina wannan shi ne zuciyar lamarin. Leon bai sauya hali ba, bai zama mai sassauci ba. Bambancin 2005 da 2008 shi ne a karo na biyu an tilasta a buɗe fayil a gabansa. Binciken da za a iya gamawa cikin makonni a 2002 shi aka kashe shekaru, da dokoki biyu na majalisa, ana gudun a yi. Shi dai wannan alƙali, a Janairun 2009, ya ba da umarnin sakin Mohammed el Gharani, ɗan Chadi da aka kama a Pakistan yana yaro matashi, bayan ya ga hujjar ta dogara ne a kan maganar wasu tsararru biyu da jami'an gwamnati da kansu ke shakkar gaskiyarsu.

Ait Idir, Nechle da Boudella sun koma Bosniya a Disamban 2008. Boumediene kuwa sai da ya ƙara kusan wata shida a tsare bayan alƙali ya wanke shi, ana neman ƙasar da za ta karɓe shi, har Faransa ta yarda ya sauka can ranar 15 ga Mayun 2009. Lahmar ya bi shi a ƙarshen shekarar. Bensayah, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ci gaba da tsare shi a 2010, sai a Disamban 2013 aka mayar da shi Aljeriya, ba da son ransa ba. Babu ɗaya daga cikin shidan da Amurka ta taɓa gurfanarwa kan wani laifi, babu kuma wanda ta biya diyya ko ta bai wa haƙuri.

Yadda aka rage wa hukuncin ƙarfi

Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa, amma ta bar wa ƙananan kotuna su tsara yadda za a bi ta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, wadda aka rushe hukuncinta, ita ce ta yi tsarin. A 2009 ta soke umarnin da mai shari'a Ricardo Urbina ya bayar na a shigo da tsararru 17 'yan ƙabilar Uighur ta ƙasar Sin cikin Amurka, mutanen da gwamnati da kanta ta daina kira abokan gaba. Ta ce alƙali ba shi da ikon shigo da baƙo ƙasa. Ma'ana, zai iya cewa tsarewa haramtacciya ce, amma buɗe ƙofar keji sai gwamnati ta samu inda za ta kai mutum. A 2010 ta ce hukuncin Boumediene bai kai sansanin Bagram na Afganistan, inda Amurka ke tsare wasu mutanen a lokacin, ba. A 2011, a shari'ar Adnan Latif ɗan Yaman, ta ce a ɗauki rahoton leƙen asirin gwamnati a matsayin wanda aka rubuta daidai sai in tsararre ya tabbatar da akasi. Wani nazarin na Seton Hall ya ƙirga cewa kafin tsakiyar 2010 tsararru sun ci sama da rabin shari'o'in da aka yanke, bayan nan kuwa ɗaya kawai suka ci cikin 12. A Yunin 2012 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafi kan wannan salo. Latif, wanda alƙali ya ba da umarnin sakinsa a 2010, wanda kuma hukumomin gwamnati suka riga suka amince a sallame shi, ya mutu a ɗakinsa a Guantanamo a Satumban 2012.

Wannan shiru na Kotun Ƙoli na ɗauke shi a matsayin gazawa babba. Kotun da ta ce dole tsararre ya samu dama ta gaske, ba ta jeka-na-yi-ka ba, ta zuba ido ana mayar da damar abin da ta hana. Galibin waɗanda suka fita bayan haka shawarar siyasa da yarjejeniyar diflomasiyya ce ta fitar da su, ba umarnin alƙali ba.

Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Janairun 2009 cewa za a rufe sansanin cikin shekara guda. Majalisa ta hana kuɗin kawo tsararru cikin Amurka, alƙawarin ya sha ruwa. Donald Trump ya ba da umarni a Janairun 2018 a bar shi a buɗe. Kimanin mutum 780 ne suka ratsa wurin tun 2002, tara suka mutu a ciki. A 2023 Fionnuala Ní Aoláin, jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta farko mai bincike mai zaman kanta da aka bari ta shiga ta gana da tsararru, ta bayar da rahoton cewa halin da suke ciki ya kai matsayin muzgunawa da cin mutuncin ɗan Adam a ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. Bayan an kai 'yan Yaman 11 ƙasar Oman a farkon Janairun 2025, mutum 15 suka rage. A lokacin, tara na cikin tsarin kotunan soja, ciki har da waɗanda ake zargi da shirya harin 11 ga Satumba, da har lokacin ba a fara ainihin shari'arsu ba, galibi saboda taƙaddama kan bayanan da aka tatsa ta hanyar azabtarwa. Sauran shidan ba a taɓa tuhumarsu da komai ba, kuma uku daga cikinsu gwamnatin Amurka da kanta ta riga ta amince a sallame su.